Daga Zango Zuwa Kogin Test: Fatsa a Ƙarshen Zafi da Farkon Kaka

Na bar Zango a ƙarshen Agusta, marka ba ta ɗauke ba, gero ya fitar da kai, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa. Ka san garinmu a irin wannan lokaci, abokina: kududdufai sun cika sun batse, yara sun yanko sanda sun ɗaura zare da ƙugiya, sun soka tana, sun maƙala totuwar kara suna jira ta nutse. Iyakar sanina da fatsa ke nan, kuma da shi na hau mota zuwa Daura, muka bi ta Kazaure muka shiga Kano, daga nan sai Abuja. Awa shida da wani abu a sama, muka sauka a filin jirgin Heathrow na Landan. An yi wa ƙanena haihuwa ne a Winchester, inda yake aikin jinya, tsofaffinmu suka wakilta ni in je in ga jariri in kai addu'arsu.

Daga tashar Waterloo jirgin ƙasa ya kai mu Winchester cikin kamar awa guda. Tsohon birni ne a kudancin Ingila, a gundumar Hampshire, kuma nan ne fadar Sarki Alfred tun kafin Landan ta zama abin da ta zama. Wani kogi mai suna Itchen ya ratsa ta cikinsa. Bayan an yi suna hankali ya kwanta, na fara fita yawo da hantsi, sai ƙafa ta kai ni kan wata gada. Na leƙa ƙasa, na kasa wucewa. Ruwa ne yake gudu da ƙarfi, amma kana ganin tsakuwar da ke ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, ga koriyar ciyawa tana kaɗawa a ciki. Can sai na lura da wani abu dogo yana tsaye cak a tsakiyar ruwan, ya fuskanci inda ruwan yake fitowa, wutsiyarsa kawai ke motsi. Da yamma na kai ƙanena wurin, ya ce, "Yaya, ai tirawut ke nan, kifin da mutanen nan suke kashe dukiya a kansa."

Ka tsaya ka yi tunanin wannan. A wurinmu ruwan damina ja ne, masunci ba ya ganin kifinsa sai ya fito da shi. Ya jefa birgi ko ya kafa mali, ya koma ya jira rabonsa. A can kuwa mutum yana ganin kifin tun daga nesa, ya zaɓi wanda yake so a cikinsu, ya lallaɓa ya bi shi. Abin ya fi kusa da farauta. Kuma yadda kake ganinsa, haka shi ma yake ganinka.

Maƙwabcin ƙanena wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya fara fatsa tun yana yaro. Da ya ji labarin tsayuwata a kan gada, ya aiko a kira ni shan shayi. Shi ya warware mini sirrin tsabtar ruwan. Tuddan yankin nan duk alli ne a ƙarƙashinsu. Ruwan saman da aka yi a lokacin sanyi yana nutsewa cikin allin ya zauna watanni yana tacewa, sannan ya ɓuɓɓugo ta idanun ruwa a gindin tudu, garau, da sanyi kusan digiri 10 ko da wane wata ne. Shi ya sa kogin ba ya yin ja bayan ruwan sama yadda namu suke yi, ba ya kuma ƙafewa ya bar yashi da rani. Ya ce kogunan alli irin wannan ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba a duniya, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari suna Ingila. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Test, mai tsawon kilomita 64, wanda ya taso daga wani ƙauye mai suna Ashe ya gangara ya faɗa teku a Southampton. Can ya ce zai kai ni.

Na ɗauka sanda za mu ɗauka mu kama hanya. Ashe sai an yanki lasisi daga hukumar kula da muhalli ta Ingila, wanda ya wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 13, ana sayensa ta intanet na yini ɗaya ko na kwana takwas ko na shekara. Lasisin ma bai ba ka izinin tsayawa a bakin kowane kogi ba, domin kogin yana da masu shi. Gaɓa da ƙasan ruwa da haƙƙin kamun kifi duk mallaka ce da ake saya, a sayar, a ba da haya, a gada. An yanka kogin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da mai ita. A wurare masu suna, yini ɗaya yana cin ɗaruruwan fam a tsakiyar lokaci. Da na juya kuɗin zuwa naira, sai na ga abincin gida guda ne na watanni. Ni dai albarkacin dattijo na ci, don yana cikin wata ƙaramar ƙungiya mai haya a kogin, kuma dokarsu ta yarda ya zo da baƙo.

Tafiyar kamar minti 20 ce a mota daga Winchester zuwa Stockbridge, yamma da birnin. Gonakin alkama da sha'ir duk an girbe, sai dunƙulen hakin da inji ya naɗe. Garin ƙarami ne, titi ɗaya ne dogo mai faɗi, kuma a da ta nan fataken dabbobi daga Wales suke koro garke zuwa kasuwannin gabas, su yada zango su kwana. Na ce wa dattijo ai sunan garinmu ma daga irin wannan sauka ta fatake ya samo asali, kuma har gobe shanu da raƙuma suna cika kasuwar Mai'adua kusa da mu. Rassan kogin suna bi ta ƙarƙashin titin, su fito a gefen shaguna. A nan na ga tirawut manya-manya, wasu sun kai tsawon hannu, yara suna jefa musu burodi, babu wanda ya ɗaga ido da niyyar kamawa. Ya nuna mini otal ɗin Grosvenor, inda ƙungiyar fatsa ta Houghton take zama. An kafa ta a 1822, mambobinta ba sa wuce 25, kuma tun daga wancan lokaci suke rubuta kifin da aka kama da yanayin da aka kama shi.

Muka shiga shagon kayan fatsa, nan ma gani ya kori ji. Babu tana, babu hanjin kaza, babu ƙulli na tuwo. Akwatuna ne jere, kowanne cike da ƙwarin ƙarya: 'yar ƙugiya, wata ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, an naɗe ta da zare da gashin wuyan zakara, ko gashin zomo, ko na barewa, har ta fito da siffar ƙwaro mai fiffike da ƙafafu. Kowane ƙwaron gaske da ke rayuwa a kogin yana da kwaikwayonsa, na mace daban, na namiji daban, wanda ya fito daga ruwa yanzu daban, wanda ya zuba ƙwai ya mutu daban. Da hannu ake ɗaura su, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna masu ɗinkin hula da masu aikin zare a kan babbar riga. Irin wannan natsuwar ce da irin wannan idon.

Kafin a bar ni in matsa kusa da ruwa, sai da dattijo ya tsayar da ni a kan ciyawa ya koya mini jifa. Ƙwaron ba shi da nauyin da zai tafi ko'ina in ka wurga shi. Nauyin yana jikin igiyar, wadda take da kauri da santsi, a naɗe a wani ɗan gargare a gindin sanda. Sandar kanta ta kusa mita uku, ba nauyi, tana lanƙwasa. Za ka ɗaga ta da sauri igiyar ta miƙe a bayanka, ka ɗan dakata, sannan ka turo ta gaba ta warware a iska ta sauka a hankali. A ƙarshen igiyar akwai wani zare fari mai sirantaka har ya kusa zama gashi, a bakinsa ƙwaron yake. Dakatawar nan ita ce wahalar. Hannun da ya saba da fartanya da gatari yana son ƙarfi, aikin kuwa ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Dattijo ya riƙe wuyan hannuna yana cewa in saurari nauyin igiyar a bayana kafin in turo. Sai da rana ta take tsaka na fara jin abin da yake nufi.

A bakin kogin muka haɗu da mai kula da shi, wani magidanci mai faɗin kafaɗa, sanye da takalmin roba har cinya. Aikinsa ke nan shekara zagaye, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Yana gyara gaɓa inda ta zaizaye, yana sare reshen da ya tare hanya, yana korar ɓarayin kifi. Babban aikinsa yankan ciyawar ruwa ne da doguwar lauje. In ta yi yawa ruwa ya cika ya malala gonaki, in an aske ta duka ƙwari su rasa gida, kifi ya rasa abinci da maɓoya. Don haka ake yanka ta layi-layi, kuma akwai ranakun da aka tsayar wa duk masu kogin su yi yankan tare, domin ciyawar da na sama ya yanka kan na ƙasa take gangarowa. A ruwan ƙungiyar Houghton, gida ɗaya, zuriyar Lunn, sun riƙe wannan aiki kaka da ɗa da jika, sama da shekara ɗari tun daga 1887.

Dattijo ya faɗa mini tun a mota cewa na zo a lokaci mai wuya. Lokacin sauƙi shi ne ƙarshen Mayu da farkon Yuni, sa'ad da wani babban ƙwaro yake fitowa daga ruwa dubbai, kifi ya ruɗe da ci har sabon shiga ma ya kama. Zuwa ƙarshen Agusta ruwa ya ja baya, ya ƙara haske, kifin kuma ya ga ƙwarin ƙarya iri-iri tun watan Afrilu, wasu an taɓa kama su an sake. Inuwarka ta faɗa kan ruwa, ko ka taka ƙasa da ƙarfi, sai ka ga ƙura ta tashi a ƙasan kogi, babu kifi babu alamarsa. Saboda haka muka fara daga ƙasa muna haurawa, don kifin yana kallon gaba ne, mu zo masa ta baya. Muna tafe muna duƙawa, wani wuri da rarrafe. Ya ba ni tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, na sa, sai kogin ya buɗe mini. Yawancin yinin a zaune muka yi shi a kan benci muna kallo, ba wanda ya jefa komai.

Wajen la'asar iska ta taso daga makiyaya, ta fara kwaso wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu, siffar sauro amma ya ninka shi sau da yawa kuma ba ya cizo. A ƙarshen zafi yake fitowa daga ƙasa, ba shi da ƙarfin tashi, iska tana zubar da shi a ruwa. A ƙarƙashin wata bishiya a ɗaya gaɓar muka ga da'ira ta buɗe a kan ruwa, bayan ɗan lokaci ta sake buɗewa a wuri ɗaya. Dattijo ya ɗaura kwaikwayon wannan ƙwaro, ya durƙusa, ya jefa shi kamar taku biyu gaban kifin. Ya riga ya gaya mini cewa dole ƙwaron ya gangaro daidai da gudun ruwa; in igiya ta ja shi ko kaɗan ya bar layi a kan ruwan, kifi ya gane. Ina kallo da idona kifin ya taso a hankali, ya bi ƙwaron da baya yana dubawa, sannan ya buɗe farin bakinsa ya haɗiye. Sanda ta lanƙwashe, gargare ya yi ƙara. Bayan 'yan mintoci yana cikin 'yar koma: bayansa ruwan ƙasa, cikinsa ruwan man shanu, da ɗigo baƙaƙe da jajaye a gefensa.

Ina murna ina neman inda za mu sa shi, sai na ga dattijo ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar wadda dama an danne ƙayarta, ya riƙe kifin a cikin ruwa yana fuskantar gudu har ya dawo hayyacinsa, ya buɗe hannu. Na ce, "Baba, me ya faru? Ba shi da lafiya ne?" Ya ce lafiyarsa lau, haifaffen kogin ne, kuma nan da wata uku zai yi ƙwai. Wanda aka yarda a ɗauka shi ne wanda aka yi kiwonsa a tafki aka zuba.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, kuma har yanzu ban gama da shi ba. Mu an tashe mu a kan cewa ba a wahalar da dabba don wasa. In ka kama, ka ci ko ka ba mai ci. Na faɗa masa haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma yana tunaninsa, amma masu zuwa kogin suna da yawa, kifin asali kaɗan ne, in kowa ya tafi da abin da ya kama, cikin shekaru kaɗan sai na kiwo kawai zai rage. Na ga gaskiyarsa ta fuskar kiyaye iri. Ta fuskar jin daɗin da mutum yake samu a wahalar kifin kuwa, zuciyata ba ta kwanta ba. Na yanke wa kaina cewa ni dai zan nemi wanda zan ci.

A wata fitar ya kai ni Mottisfont, ƙasa da Stockbridge, inda wani tsohon gidan zuhudu ya koma gidan tarihi. A ruwan nan Frederic Halford ya yi fatsa a ƙarshen rayuwarsa, kuma 'yar bukkarsa tana nan. Shi ne ya rubuta littattafai a 1886 da 1889 da suka tsayar da ƙa'idar da ake bi har yau a Test: ƙwaro mai yawo a saman ruwa, a jefa shi sama da kifin da aka gani yana ci. Bayansa wani lauya, G. E. M. Skues, wanda yake fatsa a Itchen dab da Winchester, ya lura cewa yawancin abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake, tun ƙwarin suna tsutsa kafin su yi fiffike. Ya fara ɗaura kwaikwayon tsutsar mai nutsewa, ya fitar da littafinsa a 1910. Almajiran Halford suka ce wannan ba tarbiyya ba ce. Gardamar ta kai har aka yi zama a kanta a ƙungiyar masu wannan fatsa a Landan a 1938, Skues yana da shekara 79 a duniya, kuma a ƙarshe ya bar ruwan da ya shafe sama da shekara hamsin yana zuwa. Har yanzu akwai wuraren da ba a yarda da tsutsar ba sai shekara ta raba, lokacin da kifi ya rage tasowa. Da farko abin ya ba ni mamaki, dattawa su ɓata a kan ƙwaro. Daga baya na fahimci tambayar da suke yi: wace iyaka mutum zai sa wa kansa a gaban abin da ya fi shi rauni?

Nawa rabon da magariba ya zo. A farkon Satumba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas saura. Na yi alwala a gefen kogi, ruwan ya ratsa ni har ƙashi, na shimfiɗa rigar sanyi a kan ciyawa na yi salla, dattijo ya koma gefe ya jira ni. Ina sallamewa na tarar kogin ya canja. Wasu ƙwari masu fiffike kamar rufin ɗaki sun fito suna gudu a saman ruwa, kifayen da suka yini a ɓoye duk sun taso, ko'ina sai fantsama. A wannan lokaci kaɗai ne ake yarda ƙwaro ya ja layi a ruwa, don na gasken ma haka yake yi. Na jefa inda na ji motsi. Abin da ya fizgi sandar ya tashi sama ya faɗo, ya ja igiya ya yi ƙasa da ita, dattijo yana ta cewa in bar shi ya gudu kada zaren ya tsinke. Da ya shiga koma muka haska, sai ga ja-jan layi a gefensa. Wannan irin asalinsa daga yammacin Amurka ne, na kiwo ne, halal ne a ɗauka. Na yi bisimilla na buga masa ɗan kulkin da suke ajiyewa don haka. A gida muka gasa shi da yajin da na zo wa mai jego da shi. Namansa ja-ja ne, ƙaya kaɗan, ba shi da ƙarnin laka irin na tarwaɗa, amma in don romo ne, tarwaɗarmu ta fi shi.

Muka sake komawa a farkon Oktoba, ana dab da rufe lokaci. Ganyaye sun yi ja da rawaya suna zuba a ruwa, hazo yana kwance a kan makiyaya har hantsi, rana kuma tana faɗuwa tun wajen shida da rabi. Tsattsewar da muka bari tana shawagi a kan kogi ta tafi. Dattijo ya ce Sahara take ƙetarewa, wasu ta sararin ƙasarmu suke bi zuwa kudancin Afirka. Yanzu tsakar rana ce lokacin fatsa, sa'ad da ɗan ɗumi ya sa ƙananan ƙwari fitowa. Kifin ma ya sauya. Launinsa ya ƙara duhu da kyau, mazan haɓarsu ta ƙasa ta lanƙwaso kamar ƙugiya, suna korar juna. Hankalinsu ya fara barin abinci ya koma kan tsakuwa. Masu fatsa sai suka juya ga wani kifi mai ruwan azurfa da babban fiffike a baya, girelin, wanda shi sai bazararsu yake ƙwai, don haka da kaka yake kan ganiyarsa.

Mun tarar da mai kula da kogi a cikin ruwa yana wanke tsakuwa, yana tayar da laka ruwa yana tafiya da ita. Ya bayyana mini dalili. Daga Nuwamba zuwa Janairu macen tirawut takan kwanta a gefenta ta haƙa rami a tsakuwa da wutsiya, ta zuba ƙwai, namiji ya bi, ta rufe. Ƙwan zai kwana makonni a ciki, kuma da iskar da ruwa yake shigarwa tsakanin tsakuwa yake rayuwa. In laka ta toshe, ya mutu. Tun daga ƙarshen Oktoba har bazara ba mai taɓa wannan kifi, mai kuɗi ko talaka. Tun 2015 ma doka ta ce na kiwon da za a zuba a kogi ya zama wanda ba ya haihuwa, ko kuma daga irin kogin aka samo shi, don kada ya gurɓata na asali.

Kada ka ɗauka ba su da damuwa. Ruwan da garuruwan yankin suke sha daga wannan alli da wannan kogi ake jansa. A 2022, shekarar da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, Test ya ja baya har aka hana mutanen Hampshire ban ruwan lambu da wankin mota da tiyo daga 5 ga Agusta. Tirawut ba ya jure ɗumi. Ruwa ya doshi digiri 20, masu hankali suna naɗe sandarsu, don wanda aka kama aka saki a irin wannan ruwa ba lalle ya rayu ba. Wannan ne ya amsa mini tambayar da na san za ka yi, ko za a iya kawo shi Zango. Turawa sun kai shi wurare da dama: a 1864 aka ɗauki ƙwansa cikin ƙanƙara a jirgin ruwa har Tasmaniya, a 1905 aka zuba shi a kogin Gura a tsaunukan Kenya. Duk inda ya zauna, wuri ne mai sanyi. Ruwanmu na tarwaɗa ne da karfasa da gaiwa, wadda take binne kanta a laka ta jira damina.

A jirgin dawowa na yi ta auna abin da na gani. Kogin da ɗan garin da aka haifa a bakinsa ba zai iya jefa ƙugiya a ciki ba sai da kuɗin attajiri, wannan ban yi sha'awarsa ba, kuma ba na fatan ranar da za a katange madatsun ruwanmu na Daberam ko Sabke a ce sai mai hali. Amma hutun da suke ba kifi lokacin ƙwai, da mutumin da aka ɗora wa amanar ruwa, waɗannan ba baƙin abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, Matan Fada a rufe yake sai ranar da aka buɗe shi, Sarkin Ruwa yana tsaye a kai. Bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, da wannan hani yake rayuwa. Shi ya sa a 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Na gaya wa dattijo wannan labari kafin mu rabu, ya sa na maimaita masa nauyin.

Na iso gida an gama yankan gero, dammuna a tsaye a gonaki. A kasuwa na tsaya gaban mai kifi, na ga tarin 'yan ƙanana da ba su kai yatsa ba, waɗanda da an bar su wata shida da kowanne ya cika kwano. Kai ma ka san yadda ake samunsu: gidan sauro da aka raba don yara ya koma taru, a wasu wuraren har maganin ƙwari ake zubawa a ruwa. Tarwaɗa da damina take ƙwai, in sabon ruwa ya hau ciyawa, kuma a daidai lokacin ne ake tare ta cikinta cike. Masunci ba zai ajiye koma yunwa na cin gidansa ba, don haka maganar hutu dole ta zo da maganar abin da zai ci a watannin, kuma su masuntan ne za su tsayar da ita da bakinsu, tare da masu unguwanni da hakimai. In kana da wanda ka sani cikin shugabannin masuntan Daberam ko Sabke, ka haɗa ni da shi kafin ruwan baɗi ya sauka. Ina so in ji daga bakin dattawansu wane wata iyayensu suke ɗaga wa ruwa ƙafa, da kuma wanda yake hukunta wanda ya karya.